Ista a gidan Bafaranshe: abin da ɗalibinmu zai tarar idan ya je musayar karatu

Duk wanda ya daɗe a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san Ista ko da bai taɓa taka ƙofar coci ba. Ya san babu aiki ranar Juma'a da Litinin. Ya san tashoshin mota kan cika da 'yan kabilar Ibo masu tafiya gida, kuma farashin tumatur da attaruhu kan motsa a Mile 12. In yana da abokan hulɗa a tsibirin Legas, wataƙila an taɓa aiko masa da frejon, wato faten baƙin wake da madarar kwakwa da zuriyar waɗanda suka dawo daga Burazil ke dafawa ranar Juma'ar. Amma mafi yawanmu daga waje muka san bikin, a matsayin maƙwabta da 'yan kasuwa.

Yaron da ya tafi Faransa musayar karatu aka sauke shi a gidan wasu iyali, shi daga ciki zai ga abin. Da shi za a zauna a tebur, a zuba masa abinci, a tambaye shi me zai sha. Kuma wannan ba labarin nesa ba ne yanzu. 'Ya'yanmu da ke karanta Faransanci a jami'a suna zuwa Ƙauyen Harshen Faransanci da ke Badagry, wanda aka kafa a 1991. Wasu na ɗaukar darasi a cibiyoyin Alliance Française, wasu na neman gurbin karatu ta ofishin Campus France. A cikinsu akwai masu samun 'yan watanni ko shekara guda a can, kuma zama da iyali, abin da Faransawa ke kira famille d'accueil, na daga cikin hanyoyin da aka fi bi don harshe ya zauna a baki.

Tambayar farko da iyaye ke yi ita ce, "Za su kai mana yaro coci?" Tambaya ce mai kyau, za mu zo kanta. Sai dai inda aka fi samun saɓani tsakanin baƙo da masu masaukinsa a wannan biki shi ne wajen cin abinci.

Yaushe ne, kuma me ya sa ranar ke yawo

Faransawa na kiran bikin Pâques, ana furta shi kamar "pak". Sunan ya samo asali daga Pesah na Ibrananci, wato Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Kiristoci na tunawa ne da abin da suka yi imani da shi na tashin Yesu Almasihu daga matattu bayan gicciyewa. Ranar ba ta tsayawa wuri guda saboda da wata ake lissafa ta: Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa take kaiwa da komowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris, a 2025 ta kai 20 ga Afrilu, a 2026 kuma 5 ga Afrilu, sannan 28 ga Maris a 2027.

A can lokaci ne da sanyin hunturu ke janyewa, itatuwa na toho, rana na ƙara tsawo. Kada yaro ya ji an ce sanyi ya wuce ya saki jiki, domin safiyar Afrilu a Paris takan yi ƙasa da digiri 10, kuma ga wanda ya tashi a Agege wannan sanyi ne na gaske. Akwai kuma wani abu da ke rikita iyaye masu kiran waya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Faransa da na Najeriya ɗaya ne, amma a Lahadin ƙarshe ta Maris sukan tura nasu gaba da awa guda. Sau da yawa wannan canji na zuwa dab da Ista.

Hutun ma ya bambanta da namu. A Najeriya Juma'a da Litinin duk hutu ne. A Faransa Litinin kaɗai ce, ranar Juma'a kowa na wurin aiki, in ban da yankin Alsace da Moselle da ke iyaka da Jamus. Wannan yanki yana hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918, kuma da ya dawo ya riƙe wasu dokokinsa na da, har da hutun wannan Juma'ar. Hutun makaranta na mako biyu kuwa ba a yin sa tare. An raba ƙasar shiyya uku, A da B da C, kowace da makonninta. Paris da Toulouse na C, Lyon da Bordeaux na A, Lille da Marseille da Strasbourg na B. Don haka ɗalibi zai iya yin Ista a tsakiyar dogon hutu, abokinsa da ke wani gari kuma ya koma aji ranar Talata.

Ƙasar da ta raba gwamnati da coci amma ta riƙe hutun coci

Tun ranar 9 ga Disamba 1905 Faransa ta yi dokar da ta raba gwamnati da addini. Duk da haka, a cikin ranakun hutu 11 da ƙasar ke da su a shekara, shida daga kalandar coci suka fito, har da Litinin ɗin Ista. Wanda ya saba da yadda cocin kudu ke cika maƙil ranar Lahadi, da ganguna da lasifika tun safe, zai yi mamakin Faransa. Masu zuwa coci kowane mako 'yan kaɗan ne. Gidaje da yawa da za su yi shagalin Ista ba su da niyyar zuwa ibada ko kaɗan. A wurinsu rana ce ta haɗuwar dangi: kaka ta zo, 'ya'yan da ke aiki a wasu garuruwa su hau jirgin ƙasa su dawo, a ci abinci tare.

Wannan ba ya nufin babu masu riƙo da addini. Akwai gidajen Katolika da ke azumin kwana 40 da suke kira Carême, suna zuwa cocin daren Asabar inda ake kunna kyandir a yi wa sababbin shiga baftisma. Cocin Katolika ta Faransa ta ce manya sama da 10,000 aka yi wa baftisma a Istan 2025, shekarar da aka sake yin bikin a cocin Notre-Dame ta Paris bayan gobarar 15 ga Afrilu 2019. To ka ga sa'a ce: yaro zai iya faɗawa gidan masu ibada, zai iya faɗawa gidan da maigidan zai gaya masa kai tsaye shi bai yarda da wani addini ba. Na biyun yakan fi girgiza yaranmu, domin a nan ko maƙwabcinka ba addininku ɗaya ba, ka san dai yana da nasa.

Game da zuwa coci, a al'adar Faransawa addini sha'anin mutum ne shi kaɗai, kuma abin kunya ne a matsa wa baƙo. In sun gayyace shi, gayyata ce ta girmamawa, kuma "na gode, zan jira ku a gida" amsa ce da za su karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Ga 'yan uwanmu Hausawa Kiristoci kuwa, abin da za su lura shi ne ibadar ta fi tamu shiru da gajarta, kuma cin gurasar tarayya a cocin Katolika na 'yan Katolika ne.

Ƙararrawa mai fiffike da ƙwan cakulan

Daga yammacin Alhamis har daren Asabar ƙararrawar coci ba ta kaɗawa, alamar juyayi. Daga nan aka samo labarin da ake ba yara: wai ƙararrawar sun yi fiffike sun tashi zuwa Rum, kuma a hanyarsu ta dawowa ranar Lahadi suna zubo ƙwai na cakulan a lambunan gidaje. A Alsace zomo ne ake cewa yana kawowa, kamar yadda Jamusawa ke faɗa.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne iyaye su tashi da sassafe su ɓoye cakulan a gindin furanni, cikin ciyawa, bayan tukwane, ko cikin falo in babu fili ko ana ruwa. Sai a ba yara kwanduna su bazama nema. Shi ne chasse aux œufs, farautar ƙwai. Cakulan ɗin na zuwa da siffar ƙwai, kaza, ƙararrawa, zomo, da wasu ƙananan kifaye da ake kira friture. Asalin ƙwan yana da dalili mai sauƙi: a da coci ta hana cin ƙwai a kwanaki 40 na azumi, kaji kuwa ba su daina yi ba, sai ƙwai ya taru, ranar Ista a dafa a rarraba.

Ɗalibi ɗan shekara 17 ko 20 zai iya samun kansa da kwando a hannu, ko a ce ya taya ɓoyewa. Babu addu'a a ciki, babu wani abin ibada, wasan yara ne kawai. Abin da zai duba shi ne cakulan ɗin manya, domin wasu akwai giya a cikinsu. In ya ga an rubuta liqueur, rhum, kirsch ko cognac a jikin kwali, to ya ajiye. Mon Chéri na kamfanin Ferrero, mai jar takarda, na daga cikin waɗanda aka fi miƙa wa baƙi, kuma da giya a ciki.

Tebur

Nan ne maganar take. Abincin ranar Ista kan fara wajen ƙarfe 12 da rabi ko 1, kuma ba abin mamaki ba ne a kai ƙarfe 4 ko 5 ana zaune. Faransawa sun ɗauki irin wannan zama da muhimmanci, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a 2010. Mu a wurinmu a zubo abinci, a ci da sauri ba surutu, a wanke hannu a tashi, hira ta biyo baya. Su hirar a kan tebur ake yin ta, abincin kuma kashi-kashi yake zuwa.

Da farko akwai apéritif, a falo, da abin sha da 'yan ƙananan abubuwan taɓawa: gyaɗa, zaitun, yankakken saucisson. Yaro mai jin yunwa kan cika cikinsa a nan yana zaton abincin kenan. Sai a koma tebur a kawo entrée, wato abin buɗe ciki, wanda a wannan lokaci kan zama bishiyar asparagus ko kifi ko ƙwai. Sai babban abinci. Sai cuku iri-iri, wasu da warin da sai an daure. Sai kayan zaƙi, galibi kek mai siffar sheƙar tsuntsu, a Alsace kuma kek mai siffar ɗan rago da suke kira lammele. Sai kofi. Duk wannan da burodi a gefe, wanda a kan ƙyallen tebur ake ajiye shi, ba cikin faranti ba.

Babban abincin a mafi yawan gidaje shi ne gigot d'agneau, cinyar ɗan rago da aka tsattsaga aka cusa tafarnuwa aka gasa, tare da wani ɗan koren wake mai suna flageolet ko dankalin Turawa. Bahaushe na jin rago hankalinsa zai kwanta, ya tuna Babbar Sallah. Amma akwai abu biyu. Na farko, Faransawa sun fi son naman da cikinsa ja-ja, rosé suke cewa, wanda a idonmu bai dahu ba. Wannan mai sauƙi ne, ya ce bien cuit, a yanko masa ta gefe inda wuta ta ci sosai. Na biyu shi ne yanka. Ragon da aka saya a mahautar unguwa ko babban kanti yawanci ba yankan Musulunci ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan naman ƙasashen Ahlul Kitabi a wannan zamani, wasu sun sassauta bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wasu sun ce yadda mayankar zamani ke aiki ya fitar da shi daga wannan hukunci. Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Abin da nake cewa shi ne yaro ya zauna da malaminsa da iyayensa tun kafin ya hau jirgi, ya san matsayarsa, kada ya fara tunanin abin a lokacin da uwar gida ke tsaye a kansa da wuƙa da faranti.

Naman alade kuma ba ya zuwa da sunan da yaro ya koya a aji. Ya san porc, amma bai san jambon, lardons, saucisson, rillettes, saindoux da duk abin da ake kira charcuterie ba. Lardons su ne suka fi yaudara, 'yan ƙananan yanka ne da ake watsawa cikin wake, salak, ko kek ɗin ƙwai, kuma sau da yawa mai girkin ba ta lissafa su a matsayin nama. Ka tambaye ta akwai alade, ta ce babu, da zuciya ɗaya. A yankin Berry da Poitou akwai pâté de Pâques, wani dogon burodi da aka cusa wa niƙaƙƙen nama da dafaffen ƙwai, abincin Ista ne na gargajiya a can, kuma da alade ake yin sa. Giya ma haka take shiga girki: a romon nama, a kek irin baba au rhum, a 'ya'yan itacen da aka jiƙa. Cidre kuma, da ake yi da tuffa, yana kama da lemon kwalba amma giya ce. Wanda babu giya a cikinsa shi ne jus de pomme, ko Champomy da ake ba yara.

To yanzu ka dubi abin ta ɓangaren uwar gidan. Cinyar rago na da tsada, kuma da yawa sukan yi odarta wajen mahauci kwanaki kafin bikin. Ta yi kwana biyu tana shiri. Ta gaya wa danginta tana da baƙo daga Najeriya. Ta zuba masa, sai ta ga yana juya cokali, yana cin burodi kawai, yana cewa ya ƙoshi. Ba ta san dalili ba. Za ta ɗauka girkinta ne bai yi ba, ko yaron ba shi da tarbiyya. Shi kuma a zuciyarsa kara yake yi mata, yana ganin rashin kunya ne ya buɗe baki ya ce wa babba ba ya cin abincinta.

Kunya da kawaicin da muka koya wa yaranmu, waɗanda a gida abin yabo ne, a wannan tebur suna jawo akasin abin da ake so. Bafaranshe ya saba da mai cewa ba ya cin nama, mai cewa gyaɗa na sa shi rashin lafiya, mai cewa ba ya shan giya. Ya kuma san Musulmi, domin ƙasar na da miliyoyinsu, Babban Masallacin Paris ma tun 1926 aka buɗe shi. Abin da yake so shi ne a gaya masa da wuri kuma a fili. Mahautan halal suna nan a kusan kowane babban gari, manyan kantuna da yawa suna da sashensu. In aka faɗa mako biyu kafin biki, abu ne mai sauƙi a sayo cinyar daga can kowa ya ci, ko a gasa wa baƙo kifi. In aka bari sai ranar, babu abin da za a iya, shaguna ma a rufe suke.

Kalmomin ba su da yawa. "Madame, je ne mange pas de porc et je ne bois pas d'alcool", wato ba na cin alade kuma ba na shan giya. In yana son yankan Musulunci kawai, ya ƙara da cewa naman halal kaɗai yake ci, amma kifi da ƙwai da ganye duk yana ci. Wannan ƙarin na da amfani, domin yana nuna mata abin da za ta dafa, ba abin da za ta bari kaɗai ba. Ya kuma ambaci lardons da giyar girki da sunansu. Ƙungiyoyin musaya irin su AFS sukan ba da fom da ake cike irin waɗannan bayanai tun kafin a zaɓi gida, kuma kuskure ne babba a bar wurin fayau don tsoron kada a ƙi ɗaukar yaro. A tsarin AFS iyalan sa kai suke yi, ba biyansu ake ba. Mutumin da ya buɗe gidansa kyauta ya cancanci a gaya masa gaskiya.

Akwai wani ɓangaren kawaicin da ke cutar yaron shi kansa. A gida in aka ce ka ƙara, sai ka ce a'a, a sake cewa, ka sake ƙi, a karo na uku a zuba maka. A Faransa "non merci" na nufin a'a, za a ɗauke kwano a wuce. Yara da yawa sun kwana da yunwa a kan wannan. In yana so, ya ce "oui, volontiers" tun a karon farko.

Hannu, gaisuwa da kare

Ba a fara ci sai an zuba wa kowa, uwar gida ta zauna ta ce bon appétit. Hannaye biyu a kan tebur ake ajiye su, ba a kan cinya ba. Su suna riƙe cokali mai yatsu da hagu, wuƙa da dama, su kai abinci baki da hagun. Yaron da ba ya son ci da hagu sai ya yanka namansa, ya ajiye wuƙa, ya mayar da cokali dama. Babu wanda zai ce masa komai. Idan aka ɗaga kofuna ana gaisawa, zai iya ɗaga nasa da ruwa ko lemo in ya ga dama, kuma a nan ana kallon juna ido cikin ido. Kallon ido gaba ɗaya abu ne da sai ya koya, domin sunkuyar da kai da muke yi wa manya su a wurinsu alamar ɓoye wani abu ce.

Gaisuwar dangi ita ce bise, haɗa kumatu hagu da dama, sau biyu a Paris, uku ko huɗu a wasu yankuna. Ranar Ista gida cike yake da inna da kawu da 'yan uwan da yaro bai taɓa gani ba, kowa zai matso. Yarinyar da ba ta son haka da maza, ko saurayin da ba ya so da mata, ya fi kyau su gaya wa uwar gida tun kafin baƙi su iso, ita za ta shirya danginta. Dafa ƙirji da murmushi da "bonjour Madame" ya wadatar in an riga an yi bayani. Ja da baya ba zato kuwa, kaka ta miƙo fuska ka kauce, yana da ciwo. Ba a durƙusawa, kuma ba a kiran masu gida Mama da Baba sai in su suka nema. Ana farawa da Madame da Monsieur da vous, har su ce a koma tu da sunan yanka. Kiran sa'ar mahaifiyarka da sunanta tsirara abu ne mai nauyi a bakin Bahaushe, amma in ta nema, nufinta ka zama ɗan gida.

A tebur za a yi gardama, ta siyasa musamman, da ɗaga murya, ɗa ya musa wa ubansa. Ba faɗa ba ne. Za a kuma tambayi baƙo game da Najeriya, wani lokaci tambayar da za ta ba shi haushi, ta Boko Haram ko ta auren mata huɗu. Yaron da ya tashi a Sabo ta Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri ya riga ya saba amsa irin waɗannan tambayoyi daga abokan makaranta, kuma a ganina wannan ya ba shi fifiko a kan wanda bai taɓa zama cikin waɗanda ba nasa ba.

Kare na iya kasancewa a ƙarƙashin tebur, ko a kan kujera. A gidaje da yawa ɗan gida ne. Wannan ma tun a fom ake faɗa, kuma neman kada ya shiga ɗakin da kake salla buƙata ce da za a fahimta. Sallar kanta: bayan canjin agogo Azahar kan kai wajen ƙarfe 2, wato tsakiyar cin abinci. Tsakanin babban abinci da cuku akwai tazara, mutum ya nemi izini na minti goma ya dawo. A sani cewa a gidaje da yawa masai daban yake da wurin wanka, kuma babu buta, sai yaro ya tanadi gorarsa. Ya kuma goge ƙasa bayan alwala, domin jiƙa daɓen banɗaki na daga cikin ƙananan abubuwan da ke ɓata zama.

A 2022 da 2023 da 2024 Ista ta faɗo cikin Ramadan, kuma ɗaliban da suka yi waɗannan shekaru a can sun sha zama a tebur na awa huɗu ba ci ba sha, ga rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare. Yanzu azumi ya matsa gaba zuwa Fabrairu da Maris, zai kuma ci gaba da ja baya, don haka za a daɗe ba su sake haɗuwa ba.

Ga iyayen 'yan mata akwai abin da ya kamata a bambance. Dokar 2004 ta hana sa hijabi da sauran manyan alamomin addini a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, kuma a 2023 aka haɗa da abaya. Dokar ba ta shafi jami'a ba, ba ta shafi titi ko cikin gida ba. Rufe fuska gaba ɗaya ne aka hana a bainar jama'a, da dokar 2010. Yarinyar da za ta je sakandare musaya dole a yi wannan magana da ita tun a gida, amma a teburin Ista ɗankwalinta ko mayafinta ba laifi ba ne a doka.

Ranar Litinin kan zama ta hutawa, a ci ragowar nama, a fita yawo a daji ko bakin kogi, kusan kamar yadda Kiristocin Yarbawa ke fita "Galili". A kudancin ƙasar al'adar ita ce wainar ƙwai. A garin Bessières kusa da Toulouse, tun 1973 ake soya ƙwai 15,000 a kasko guda a raba wa jama'a kyauta.

Sai batun tsaraba, wanda iyaye mata suka fi damuwa da shi. Ana son baƙo ya riƙo wani abu ranar biki, ko furanni ko cakulan. A guji furen chrysanthème, na kai wa kabari ne. Daga gida kuwa, kada a saka kilishi ko dambun nama a jaka, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje a kayan matafiyi, kuma in aka gani a filin jirgi za a ƙwace, wataƙila har da tara. Abin da ke wucewa lafiya kuma ake murna da shi shi ne ƙaramar jakar fata, turmin atamfa da za a iya shimfiɗawa a tebur, dabino, ko busasshen zoɓo. Zoɓon na da amfani biyu, domin Faransawa da yawa sun san shi da sunan bissap ta hanyar 'yan Senegal, kuma in yaro ya dafa shi da citta da kanumfari daren Asabar ya sa a firji, ranar Lahadi yana da jan abin sha da zai zuba wa kowa a lokacin apéritif, har da kansa.